Watannin Koyon Aiki Ba Na Hutu Ba Ne

Muna so mu yi magana a kan abin da ke jiran waɗanda za su bar wannan makaranta su shiga kwalejin fasaha ko jami'a. Duk mai karatun injiniya, dole wata rana a tura shi koyon aiki a masana'anta. Wannan shiri shi ake kira SIWES. Hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971 mai hedkwata a Jos, ita ta fara shi a 1973, domin masu masana'antu sun yi ta kukan cewa ɗalibai suna fitowa da takarda amma hannunsu bai san ƙarfe ba. Ɗan foliteknik yakan yi wata 4, ɗan jami'a kuwa wata 6.

To, ina yayyenmu suke yin waɗannan watanni? Gaskiya ɗaci gare ta. Da yawa sukan dawo gida, su sami wani ofishi kusa, su zauna a benci suna hira har azahar. Ran Juma'a a sa musu hannu a littafin aiki, a buga hatimi. Mun ga wanda ya gama wata shida bai taɓa ko sufana ba. Ba mu ce lalaci ne kawai ba. Yaron da ya fito daga Doguwa, ina zai kwana a Kano? Me zai ci? Masana'antun suna Bompai, Sharaɗa da Challawa, gidan ubansa kuwa yana can bayan dajin Falgore.

Amma a duba abin da yake asara. A yau akwai injin sassaƙa ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, wanda ake ce wa CNC. A Amurka aka fara nuna irinsa, a jami'ar MIT a 1952, lokacin da takarda mai huji-huji ake ba shi umurni. Yanzu mutum zai zana abin da yake so a kwamfuta, a mai da zanen ya zama jerin lambobi, a ɗaure guntun ƙarfe a kan injin. Wuƙar injin ta bi lambobin nan tana yanka, kuskurenta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba, wato bai kai kaurin gashin kai ba. In ka so guda hamsin, duka za su fito kamar tagwaye. Sai dai injin ba shi da hankali. In ka rubuta lamba ɗaya ba daidai ba, zai kai wuƙar ta daki teburinsa ta karye, kuɗi masu yawa sun tafi. Wannan tsoro da wannan natsuwa ba a koyonsu a allo, sai a tsaye kusa da ma'aikacin da ya daɗe a kai. Nan ne kuma lissafin da muke gudu a aji huɗu yake rama wa kansa.

Wani zai ce me ya haɗa ɗan manomi da wannan? Mu kuwa muna ganin mu ya fi shafa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya zama abincin jama'a da yawa a kudancin Kano. Farfelar cikin injin ban ruwa in ta cinye, sai manomi ya bar gona ya tafi birni neman wata, tumatir na bushewa. Haka injin casar masara da na shinkafa a Tudun Wada. Makeranmu da masu walda suna ƙoƙari ƙwarai, amma da ido suke awo. Ɗalibin da ya tafi koyon aiki, me zai hana ya ɗauki irin wannan ƙarfe da ya lalace a jakarsa, ya auna shi, ya zana, ya roƙi maigidan aikin ya bar shi ya yanka samfurin gwaji? Na farko ba zai zauna daidai ba, da wuya na biyu ma. Haka ake ƙera sabon abu ko'ina a duniya.

Wuraren nema suna nan. Hukumar NASENI, da aka kafa a 1992, tana da cibiya a Kano mai aiki a kan famfuna da injinan ruwa, tana da wata a Ilesha ta jihar Osun da aka keɓe don ƙera samfurin gwaji. Akwai ɗakunan aikin jami'ar Bayero da ta Wudil. Ko ƙaramin shagon mai yankan ƙarfe da hannu ya fi benci, domin wanda ya iya tsohon inji ba ya shan wuya a kan sabon.

Roƙonmu ga malamai shi ne, a fara gaya wa 'yan ajin ƙarshe wannan tun yanzu, su san cewa wurin aiki ana nemansa watanni kafin lokaci, da takarda a hannu, ƙafa a ƙasa. Ga iyayenmu da 'yan'uwa mazauna birnin Kano kuwa, wanda yake da ɗaki ko shago da babu kowa a ciki, ya ba shugaban makaranta sunansa. Tabarma da tuwon dare na wata huɗu kawai ake nema.