A Rage wa 'Yan Bindigar Sarki Albarushi

A ƙasar Amurka akwai wata gasar harbi da manyan mutane, likitoci da lauyoyi da tsofaffin ma'aikata, suke sa kayan kaboyi irin na finafinan da aka riƙa nunawa a silima, su ɗauki bindigogi samfurin ƙarshen ƙarni na 19, su yi ta harbin faifan ƙarfe. Ƙungiyar da ke tsara wasan, Single Action Shooting Society, an kafa ta a 1987. Abin da ya ja hankalina shi ne ƙa'idar harsashinsu. An hana harsashi mai tsananin gudu, an ƙayyade girman ƙwayoyin dalma, kuma harsashin ƙaramar bindiga ba zai wuce gudun ƙafa 1,000 a daƙiƙa ba. Gwanayensu harsashin masana'anta mai arha, mai sauƙin naushi a kafaɗa, suke nema. A can, wanda ya cika wa bindigarsa ƙarfi ba a ce masa jarumi. Alƙalin fili ne zai dakatar da shi.

Mu ma muna da namu masu kayan gargajiya da tsohuwar bindiga, kuma sun girmi na Amurka nesa ba kusa ba. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743 kuma ya kawo wa Dutse yaƙi a zamanin Ada, aka shigo da bindigogi daga ƙasar Nupe. Babba Zaki, wanda ya hau a 1768, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Daga wannan tushe 'yan bindigar da ke gaban Sarkin Dutse ranar hawan sallah suka fito, su da takwarorinsu na Ringim da Hadeja da Gumel da Kazaure. Abin da muka rasa shi ne ma'auni. Mun ɗauka yawan ƙara shi ne girman sarauta, sai muka bar kowane ɗan bindiga ya zuba albarushi da tafin hannunsa, ya daka, ya harba a tsakiyar dubban mutane da dawaki.

Ku duba yadda lissafin yake a wajen masu ma'auni. Harsashin gasa na yau da kullum yana ɗauke da dalma giram 32, yana fita da gudun kimanin mita 365 a daƙiƙa. Samfurin Winchester AA mai sauƙin naushi yana ɗauke da giram 26, gudunsa kimanin mita 300. Ragin bai kai a zo a gani ba, amma naushin da kafaɗa ke sha yana faɗuwa zuwa kusan rabi, domin ƙarfinsa yana hawa ne ninki-ba-ninki da nauyi da gudu. Faifan ƙarfen kuwa yana faɗuwa duk da haka. Sun fara tambayar kansu ne mene ne aikin harbin, sannan suka zaɓi mafi ƙanƙantar cajin da zai yi shi.

To mene ne aikin harbin ɗan bindigar sarki? Ba kisa ba ne. Hayaƙi ne da amo, alamar cewa sarki ya fito, ko an ga wata, ko an yi naɗi. Baƙin albarushi kaɗan ya isa ya ba da farin hayaƙi da rugugi. Duk abin da aka ƙara a kan haka, bututun bindiga ne ke ɗaukar nauyinsa, kuma mun san irin bututun. Bindigar toka ta yau maƙeri ne ke haɗa ta, sau da yawa da bututun ruwa ko wani ƙarfen tsohuwar mota, ba wanda ya taɓa auna iyakar abin da za ta jure. Tokar albarushi tana jawo laima, tana cin ƙarfe ta ciki inda ido ba ya gani. Bindigar da ta kwana a soro tun babbar sallar bara ba ita ce aka ajiye ba. Mafi muni, idan albarushi ya yi tsada, ko wani yana son tasa ta fi ta kowa amo, sai a koma ga hodar ashana ko ta cikin harsashin zamani. Hodar zamani ba a yi ta don bindigar ɗuri ta baki ba. Matsin da take haifarwa ya isa ya tsaga bututu, hannun hagun mai harbi kuma a kan bututun yake. Ba a maganar kunne: ƙarar harbi tana wuce ma'aunin desibel 140, inda harbi ɗaya kan iya yi wa ji illar da ba ta warkewa.

Na san amsar da za a ba ni: al'ada ce, haka muka tarar. Wannan amsa raini ce ga al'adar. Sarautar Sarkin Bindiga an yi ta ne domin a sami mai kula da makami da masu riƙe shi. Iyayenmu da suka sayi albarushi da tsada daga fatake ba su yi almubazzaranci da shi ba. Gasar wa-ya-fi-ƙara ba gado ba ce, sakaci ne da ya daɗe har aka fara yi masa kirari.

Akwai kuma wani ɓangare, galibi daga cikinmu 'yan boko, masu cewa a hana harbin baki ɗaya, tunda ƙasar na fama da yawaitar makamai. Su ma ban yarda da su ba. Ɗan fashin daji ba adaka yake riƙewa ba. Dokar makamai ta 1959 ma ta ware bindigar ɗuri ta baki a rukuninta daban, ta sa lasisinta a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Hani zai mayar da harbin ƙauyuka ne, wajen bukukuwa da farauta, inda babu mai sa ido. Kuma ga Maroko: wasan dawakinsu na tabburida, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2021, ƙarshensa harbi ne. Mahaya suna sukuwa a sahu ɗaya, su saki wuta tare, gwaninta kuma ita ce a ji kamar bindiga ɗaya ce ta tashi. Daidaito ake yabo, ba wanda ya fi wani amo. Kalmarsu ta barud da albarushinmu tushensu ɗaya.

Tun da UNESCO ta amince da hawan sallar Kano a Disambar 2024, idon baƙi da kyamara ya ƙaru a kan kowane hawa a yankin nan, har da na Dutse. Masarautar da ke iya ɗinka wa dogarai riguna, ta ciyar da dawaki, ba za ta ce albarushin 'yan bindiga ya fi ƙarfinta ba. Majalisar Sarki Hameem Nuhu Sanusi ce ya kamata ta saya a dunƙule daga hanya ɗaya mai lasisi, a auna shi ƙulli-ƙulli daidai da kowane harbi, a raba da safiyar hawa a gaban Sarkin Bindiga da jami'in 'yan sanda, a karɓi ragowar da yamma. Wanda aka kama da nasa na gida, a ajiye shi a wannan hawan. Sayen dunƙule ya fi arha, kuma yana cire wa talakan ɗan bindiga dalilin neman hodar ashana.

Sai bututun. A Ingila, tun 1813 aka kafa gidan gwajin bindigogi a Birmingham, inda ake ɗura wa bututu cajin da ya wuce na aiki, a tayar da shi daga nesa, wanda ya tsira a buga masa hatimi. Ba mu buƙatar gini irin nasu. Rami ɗaya a bayan gari, doguwar igiya, da makon da ke gaban sallah sun isa. Kuma DICON da ke Kaduna tun 1964, wadda aka sabunta dokarta a 2023 har ta buɗe ƙofar haɗin gwiwa da 'yan kasuwa, babu abin da zai hana gwamnatin Jigawa da masarautunta biyar su nemi ta yi musu cajin biki mai ma'auni ɗaya. Idan Kano da Katsina da Zazzau suka shigo, odar ta kai a saurare ta.

Hakiman Birnin Kudu da Gwaram da Jahun da Kiyawa suna zuwa hawa da nasu 'yan bindigar, waɗanda fada ba ta san bindigoginsu ba. Da su ya kamata a fara rajistar, kafin azumi ya kama.