Haƙƙin Ƙauyen da Ke Bakin Kurmi

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Sai dai matafiyin da ya ratsa gari bai tsaya ya gaisa da masu gari ba, da wuya ya koma gida da ilimi na kirki. Haka abin yake a sha'anin yawon buɗe ido na ganin dazuzzuka da namun daji. Sau da yawa baƙo kan wuce ƙauyen da ke bakin kurmi a cikin mota, ya ga abin da ya zo gani, ya juya, bai bar wa mutanen wurin komai ba sai ƙura. Alhali kuwa irin wannan ƙauye shi ya kamata ya zama masaukin baƙo, domin ɗorewar dajin kansa a kan haka ta rataya.

A ɗauki misalin Gashaka, wani ƙaramin ƙauye a Jihar Taraba, wanda daga gare shi ake kutsawa cikin kurmin da ke kudancin Gandun Dajin Gashaka-Gumti. An kafa wannan gandu a 1991, kuma shi ne mafi girma a Nijeriya, don faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa ne Dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda babu kamarsa a ƙasar. Akwai ɓauna da dorina da birai iri-iri, har da cimfanzi, birin nan mai kama da mutum. Ƙoramun da ke gangarowa daga duwatsunsa su ke ciyar da Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Ke nan idan kurmin ya ƙare, manoma da masunta na nesa ma za su ji a jikinsu.

Dalili na farko na sauka a ƙauye shi ne ilimi. Da ɗan gari akan ci gari. Ɗan ƙauye shi ya san sawun dabba da kukanta, ya san mashigin da ake ƙetarewa da wanda ke cin mutum idan damina ta zauna. Masu binciken da suka fara aiki a Kwano, can cikin kurmin, daga shekarar 2000 a ƙarƙashin Farfesa Volker Sommer na Landan, da mutanen yankin suka riƙa bin birai, har suka rubuta yadda cimfanzi ke gyara tsinke ya zaƙulo zuma. In har masani bai wadatu da ɗan gari ba, ina ga baƙon kwana uku?

Dalili na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne abin sawa a baka. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. An hana mutumin ƙauye farauta da saran itace a dajin kakanninsa, ga birai suna yi masa ɓarna a gona. In bai ga wata riba ba, ranar da mai sayen katako ya zo da kuɗi a hannu, wa'azi ba zai tsare shi ba. An ga haka a Taraba sa'ad da aka yi wa itacen madobiya ca ana fitar da shi zuwa Sin, har aka sanya shi cikin jerin itatuwan da duniya ta taƙaita cinikinsu a 2016. Amma idan baƙo ya kama ɗaki a ƙauye, ya sayi abincin matan gari, ya ɗauki ja-gora da 'yan dako, to itace a tsaye ya fi itace a kwance daraja, kuma kowane magidanci ya zama mai gadi.

Akwai masu ganin cewa cuɗanya da baƙi na gurɓata tarbiyya, kuma kuɗin da ake samu na rani ne kawai. Wannan magana abin dubawa ce. Maganinta shi ne ragama ta kasance a hannun mutanen gari: dagaci da dattawa su shimfiɗa ƙa'idar sutura da ta ɗaukar hoto, a yanka farashi sananne, a kuma ware wa al'umma kaso. Ƙasar Ruwanda ta fara ba ƙauyukan da ke kewaye da gandayenta kashi 5 cikin 100 na kuɗin shiga a 2005, ta mayar da shi kashi 10 a 2017, ana gina makarantu da asibitoci da shi.

A ƙarshe, wannan kira bai tsaya kan Turawa ba. Ɗalibai da malaman kwalejoji su ne suka fi cancanta su fara, tun da Hausa da Fulatanci sun ishe su hira da mutanen Gashaka. Duk wanda ya yi niyya, ya tafi da rani, ya nemi izinin hukumar gandu a Serti, ya yi sallama a ƙofar dagaci, ya kwana a gari, ya biya ja-gora haƙƙinsa ba tare da ƙwauro ba. Wanda ya sha inuwar kurmi, akwai bashin masu tsaronsa a kansa.