A Bar Mu Mu Kalli Tsofaffin Nan Biyu

A jerin finafinan da kwamitin nishaɗi na ƙungiyarmu ya tsara nunawa daren Asabar a wannan zangon, akwai guda ɗaya da aka ja wa layi: Arsenic and Old Lace, fim ɗin Amurka na 1944. Dalilai biyu na ji. Na farko, wai tsoho ne, fari da baƙi, babu wanda zai zauna. Na biyu, wanda ya fi nauyi, wai yana mayar da mutuwa abin dariya, mu kuwa ba ma wasa da gawa. Dalilin farko ba zan ɓata masa tawada ba. Ɗaliban da ke shafe awa uku a kan benci suna kallon fim ɗin Indiya mai fassara, ai ba awa biyu ce za ta gagare su ba. Na biyun nake so mu tattauna, don masu faɗarsa ba shashashai ba ne, sai dai ina ganin sun yi wa fim ɗin gurguwar fahimta.

Ga waɗanda ba su gani ba, ga yadda labarin yake. Mortimer Brewster, wanda Cary Grant ya fito a matsayinsa, marubuci ne mai sharhin wasan kwaikwayo, ya kuma yi suna wajen kushe aure. Sai ga shi ya yi aure. Ya biya gidan gwaggwanninsa biyu, Abby da Martha, a unguwar Buruklin ta birnin Niyu Yok, don ya kai musu albishir. Tsofaffi ne masu kirki, irin waɗanda ke dafa romo su aika wa maƙwabci marar lafiya, 'yan sandan unguwa ma nan suke yada zango. Yana cikin 'yan dube-dube ya ɗaga murfin akwatin zama da ke jikin taga, sai ya ga gawar wani dattijo.

Ya ruga ya gaya musu, cike da tsoron kada hankalinsu ya tashi. Su kuwa ko a jikinsu. Suka ce ai sun sani, su suka sa shi a nan, kuma shi ne na goma sha biyu. Suna tallar ɗakin haya ne, idan dattijo ya zo, suka tambaye shi suka ji ba shi da kowa a duniya, sai su ba shi giyar 'ya'yan itace da suke haɗawa da kansu, wadda suka zuba wa guba iri uku. A wurinsu wannan sadaka ce, sun raba bawan Allah da kaɗaici. Sauran sha ɗayan suna ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Mai haƙa kaburburan shi ne Teddy, ɗan'uwan Mortimer mai taɓin hankali, wanda ya ɗauki kansa shugaban Amurka Theodore Roosevelt. Shi a tunaninsa mashigin ruwan Panama yake haƙawa, gawarwakin kuma ma'aikata ne da cutar shawara ta kashe. Ana cikin wannan sai ga ɗaya ɗan'uwan, Jonathan, riƙaƙƙen ɗan ta'adda da ake nema ruwa a jallo, ya diro da daddare da wani likita mashayi, da tasa gawar a mota.

To, a cikin duk wannan, wa ake yi wa dariya? Nan ne na rabu da kwamiti. Ba mamatan ba ne. Sa'ad da Mortimer ya ɗaga murfin akwatin, kyamara ba ta leƙa ciki, fuskarsa kawai muke gani. Babu jini, babu wulaƙanta gawa. Finafinan harbe-harben da ake nuna mana a zauren nan, inda mutum talatin ke faɗuwa kafin a gama rubuta sunayen 'yan wasa, su ne ba su ɗauki rai a bakin komai ba, amma ban ji an ja musu layi ba.

Dariyar a kan masu rai take, musamman masu ganin mutumin kirki a fuska ake gane shi. Hausawa sun ce mugu ba shi da kama, fim ɗin nan kuwa ya ɗauki maganar ya kai ta maƙura. 'Yan sanda suna shiga gidan suna fita, suna tsaye a kan kaburbura, ba wanda ya taɓa tambayar ina masu neman hayar suke shigewa. Akwai wani ɗan sanda, O'Hara, mai burin zama marubucin wasa. Ya tarar da Mortimer ɗaure a kujera an toshe masa baki, maimakon ya kwance shi, sai ya ga ya samu mai saurare da ba zai iya guduwa ba, ya zauna yana ba shi labarin wasan da yake son rubutawa. Har ƙarshe, da aka faɗa wa babban ɗan sanda ƙarara cewa akwai gawa goma sha uku a ƙasa, ɗauka ya yi surutun mahaukata ne. Gaskiya a gabansa, amma tsofaffi masu farin gashi da rigar leshi ba su yi masa kama da masu kisa ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro, wanda kuma shi ne ya sa nake ganin fim ɗin ya wuce abin rage dare, shi ne Abby da Martha ba munafukai ba ne. Ba Musa a baki Fir'auna a zuci ba. Har zuciyarsu sun yarda alheri suke yi. Kowane mamaci sai sun sa baƙaƙen kaya sun yi masa addu'o'in coci da waƙoƙi. Da suka gano gawar da Jonathan ya kawo, abin da ya ɓata musu rai ba kisan ba ne, a'a, wai za a binne baƙon da ba su sani ba tare da nasu dattijon mai ibada. Wallahi wurin nan sai ka yi dariya, sannan ka yi shiru. Sun lissafa ɗariƙar kowane mamaci, ba su taɓa tambayar ko ɗaya daga ciki ko yana son ya mutu ba. Akwai wurin da Jonathan ya gano shi ma goma sha biyu ya kashe, bayan ya zaga duniya, su kuma suna zaune a gida sun kamo shi, abin ya ƙona masa rai. Fim ɗin ya ajiye mugu mai tabo a fuska da tsofaffi masu murmushi a sikeli ɗaya, lissafin ya zo daidai.

Labarin ma bai faɗo daga sama ba. Ana danganta shi da Amy Archer-Gilligan, wata mata mai gidan kula da tsofaffi a garin Windsor na jihar Connecticut, wadda kotu ta samu da laifin kisa da guba a 1917. Ita kuɗi ne ya ja ta. Marubucin wasan, Joseph Kesselring, ya cire kwaɗayi ya sa tausayi a gurbinsa, kuma a ganina wannan canjin ne ya sa labarin ya fi cizo.

Ba ina cewa fim ɗin ba shi da aibu ba. Cary Grant ya cika zare ido da tsalle-tsalle, wani lokaci har ya gundure ka. Babban aibun kuwa yana ƙarshe. Duk tsawon fim ɗin Mortimer yana fargabar hauka a jininsu take, har yana neman janye jiki daga amaryarsa. Sai gwaggwannin suka tona masa cewa shi ba ɗan gidan ba ne, riƙonsa aka yi. Murna ta kama shi, shi ke nan an warware. Wato fim ɗin ya yarda da cewa taɓin hankali tabo ne na zuri'a, mafita kawai ita ce a ce ba ka cikinsu. Mu da muka san yadda ake fasa aure a garuruwanmu saboda an ce wani kawu can ya taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa, bai kamata mu haɗiye wannan ba mu tauna ba. Teddy ma, da begilarsa da gudunsa a matakala, an yi shi ne don a yi masa dariya, ko da yake shi kaɗai ne a gidan bai san ana kisa ba. Amma wannan dalili ne na a nuna fim ɗin a yi muhawara bayansa, ba na a ɓoye shi ba. Yaushe rabon da a tashi daga kallon Asabar mutane su tsaya a bakin zaure suna gardama?

'Yan ƙungiyar wasan kwaikwayo kuma, ku kuka fi kowa asara idan aka soke shi. Asalinsa wasan dandamali ne. An fara shi a Burodwe a Janairun 1941, aka yi shi sau 1,444 kafin a rufe a 1944. Frank Capra ya ɗauki fim ɗin tun ƙarshen 1941, amma yarjejeniya ta hana kamfanin Warner Bros. sakinsa sai wasan ya sauka daga dandamali, shi ya sa ya yi kusan shekara uku a ajiye. Josephine Hull da Jean Adair da John Alexander, wato gwaggwannin biyu da Teddy, daga dandamalin aka aro su. Boris Karloff, wanda ke fitowa a Jonathan, ba a sake shi ba, sai Raymond Massey ya maye gurbinsa. Kusan komai a falo ɗaya yake faruwa: ƙofar waje, ƙofar ɗakin ƙasa, matakala, akwati. Wa ya shigo, wa ya fita, wace gawa ce a akwatin yanzu, wa ya sani, wa bai sani ba, da wannan kaɗai aka riƙe mai kallo. Kullum kukanku babu kuɗin kayan dandamali. Ku zo ku ga abin da ƙofa uku da akwati ɗaya suka yi.

Ni zango ɗaya ya rage mini, ga furojet a wuya, ba don kaina nake wannan kokawa ba. Roƙona ga kwamiti shi ne a mayar da fim ɗin cikin jerin, a sanar tun a allon sanarwa cewa labarin kisa ne da aka yi da barkwanci don wanda zuciyarsa ba ta so ya yi zamansa a hostel, a kunna rubutun ƙasa saboda Turancin nasu da sauri yake, sannan a bar mana minti talatin bayan an gama kafin a kashe janareta.