Kwafin da ke jone da kwamfuta ba ajiya ba ne

A watan Yunin 2017 wata muguwar manhaja mai suna NotPetya ta afka wa kamfanin jiragen ruwa na Maersk, ta lalata dubban kwamfutocinsa a faɗin duniya. Na'urorin da ke riƙe da ginshiƙin tsarin kamfanin kusan duk sun tafi tare, domin kowace na jone da 'yar'uwarta. Guda ɗaya ce ta tsira, a ofishinsa na Ghana, saboda an ɗauke wuta kafin harin ya iso, kuma daga ita aka sake tada tsarin. Sa'a ce ta ceci Maersk, amma abin da sa'ar ta yi masa kowa na iya yi wa kansa da gangan: ya kwafe bayanansa a faifan ajiya na waje, ya zare shi, ya kai shi wani wuri daban. Faifan da aka bari a jikin kwamfuta dare da rana yana cikin hatsari ɗaya da ita. Manhajar da ta kulle ɗaya za ta kulle ɗayan, wutar da ta dawo da ƙarfi za ta iya ƙona su tare, ɓarawo kuwa jaka guda zai zuba su.

Wasu za su ce ajiya a intanet ta wadatar. Tana da amfani ƙwarai, sai dai ita ma kwamfutar wani ce a cikin wani gini. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wata cibiyar adana bayanai ta kamfanin OVH a Strasbourg ta ƙasar Faransa, kuma akwai abokan hulɗar da suka rasa komai saboda kwafinsu na nan wurin da ya ƙone. Ga tsadar data da raunin sabis, waɗanda kan sa ɗora manyan fayiloli ya gagara. Masu tsoron kada faifan ya faɗa hannun wani suna da hujja, amma maganinta shi ne a kulle shi da kalmar sirri, misali da manhajar BitLocker. Batun tsada kuwa, a auna kuɗin faifai da asarar littafin bashin shago ko kundin digirin da aka shekara ana rubutawa.

Faifai ma yana mutuwa, zafi da ƙura da faɗuwa ƙasa suna gajarta kwanansa. Saboda haka mai karatu ya riƙe kwafi biyu ban da na cikin kwamfuta, ɗaya a wani gida, ya kuma riƙa buɗe su lokaci-lokaci don tabbatar da cewa fayilolin na buɗuwa.