Wa ya sauke mata daga kan keke?

Duk sa'ad da aka tambayi dalilin da ya sa tseren keke ya zama na maza, amsar a shirye take: wai mata ba su da ƙarfi, wai ba su da sha'awa. Wannan zancen mutumin da ya kulle zaure ne, ya jefa makulli a aljihu, sa'an nan ya ce baƙi sun ƙi zuwa.

Mata sun yi tseren keke a birnin Bordo na Faransa tun 1868, shekara 35 kafin jaridar L'Auto ta ƙago Tour de France a 1903 domin ta ƙara ciniki. Sai likitocin zamanin suka tashi da gargaɗi, wai sirdi yana lalata mahaifa, masu tsaron ɗa'a kuma suka kama zancen wando. Hukumomin wasa suka bi sahunsu, suka daina lissafa tseren mata.

Duk da haka, a 1924 Alfonsina Strada ta shiga zagayen Italiya tsakiyar maza. Ta faɗi, ta ji ciwo, aka cire sunanta saboda ta makara wata rana, amma ta ƙi sauka har ta isa Milan, bayan kilomita fiye da 3,600, alhali yawancin mazan sun zube a hanya. Ina rashin ƙarfin?

Maza suna tseren keke a wasannin Olamfik tun 1896. Mata sai 1984. A shekarar aka buɗe musu nasu Tour, bayan 1989 masu shirya shi suka janye hannu, wai babu riba. Ta ina riba za ta fito daga abin da aka ƙi haskawa a talabijin yadda ya kamata? Da ya dawo a 2022, wadda ta ci ta samu Yuro 50,000, takwaranta namiji 500,000.

Mu malamai kada mu yi saurin yi wa Turawa dariya. A gidajenmu na Maraɗi da Damagaram, idan aka sayi keke, na ɗa namiji ne. Ƴar uwarsa ta taka da ƙafa zuwa makaranta, domin har yau akwai mai rantsuwa cewa keke yana ɓata budurci. Tsohuwar maganar likitocin Faransa ce ta sake riga. Ga Wagadugu nan kusa da mu, inda mata ke hawa keke zuwa kasuwa da kaya da goyo, amma Tour du Faso, da aka fara a 1987, maza aka shirya wa.