SAYAR DA ƊAN WASA BA LAIFI BA NE, SAYAR DA SHI BABU TAKARDA SHI NE ASARA

Jama'a, ku ba ni aron hankalinku. Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda ba zai iya kaiwa ƙarshe ba don Allah kada ya zo yana zagina a ƙasa.

Jiya da daddare a gidan kallon ƙwallo nan Kurfi sai da muka kusa ɓatawa da wani abokina. Wai shi a wurinsa duk kulob ɗin da ya sayar da gwanin ɗan wasansa ya ci amanar magoya baya, ko Katsina United ce ko ƙungiyar unguwa. Na ce masa malam, wannan magana ce ta zuciya, ba ta lissafi ba. Kuma irin wannan tunanin ne ya sa kullum muna ihu a inda bai kamata ba, inda ya kamata a yi ihun kuma mun yi tsit.

Kowa a nan ya san kiwo. Mutumin da ya ga garkensa ya ja baya, ya kai bijiminsa kasuwar Charanci ya sayar, ya sayo karsana uku, wa zai ce masa wawa? Wawa shi ne wanda ya sayar da bijimin ya cinye kuɗin a hidimar biki, ko wanda ya riƙe shi don a riƙa cewa yana da babban sa, har ya tsufa ya faɗi a turke. To haka ƙwallo take. Tambayar ba "me ya sa aka sayar?" ba ce. Tambayar ita ce: me aka karɓo, kuma me ya rage mana a cikin yaron?

Bari in ɗauko misali daga nesa. A Amurka akwai wasan besbol, wanda ake dukan ƙwallo da sanda, kuma su can musayar 'yan wasa suka fi yi a kan saye da kuɗi. Ƙungiyar Washington Nationals ta ci kofi a 2019, daga nan ta fara sukurkucewa. Gwaninsu Juan Soto ya ƙi amsar tayin dala miliyan 440 na shekara 15. Ba su tsaya kuka ba. A watan Agustan 2022, tun yana da sauran fiye da shekara biyu a hannunsu, suka miƙa shi ga San Diego Padres, suka karɓo matasa biyar da wani gogagge ɗaya. Uku daga cikin matasan, CJ Abrams da James Wood da MacKenzie Gore, daga baya duk an zaɓe su cikin taurarin gasar. Su kuwa Padres, a Disambar 2023 suka tura Soto New York Yankees.

Ku lura da abu biyu. Na farko, abin da ya sa Soto ya yi tsada haka ba iya wasansa kaɗai ba ne, shekarun da suka rage masa a ƙarƙashin ƙungiyar ne. Da sun jira lokacinsa ya ƙare, da ya tafi sun tashi kusan hannu rabbana. Na biyu, kuma wannan don masu cewa ina goyon bayan a sayar da kowa: duk da wannan cinikin, har kakar 2025 Nationals ba su farfaɗo ba, a tsakiyar kakar ma aka sallami kocinsu da shugaban da ya ƙulla cinikin. Wato ciniki mai kyau tubali ne, ba shi ne ginin ba. Kuma matashi caca ne, ba kowane ɗan maraƙi ke zama sa ba. Shi ya sa ake karɓo da yawa.

Mu dawo gida. Wilfred Ndidi ya bar Nath Boys ta Legas zuwa Genk ta Beljiyam a 2015 a kan kuɗin da aka ruwaito bai kai yuro dubu 200 ba. A Janairun 2017 Leicester ta saye shi a kan wajen fam miliyan 17. Shekara biyu kacal! Yanzu ku yi lissafi da kanku: a irin wannan ciniki, wanda ya rubuta a takarda cewa yana da kashi 10 cikin 100 na sayarwa ta gaba, abin da zai samu a karo na biyu ya ninka kuɗin farko sau da yawa. Ahmed Musa ma haka, ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars, ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010, sai CSKA Moscow, sai Leicester a 2016 a kan fiye da fam miliyan 16. Babban kuɗi ba a cinikin farko yake ba, yana na biyu da na uku. Mu kuwa a na farko muke rawa.

Akwai ma haƙƙin da doka ta ba mu ko ba mu roƙa ba. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Wanda ya riƙe yaro daga 12 zuwa 17 yana da kashi 2 cikin 100 na dukan cinikin. A yuro miliyan ɗaya, dubu 20 ke nan. Ku juya shi zuwa naira ku gani ko bai gyara filin wasa ba. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Faris don bin irin waɗannan kuɗaɗe. Amma fa da sharaɗi: sai yaron yana da rajista da sunan ƙungiyarka. Ba rajista, ba ka cikin rabo, ko da kai ka saya masa takalmin farko.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Da idona na ga an zo an ɗauki wani yaro daga ƙungiyar da muke taimaka wa. Kocin ya yi shekara huɗu yana wahala da shi, har kuɗin mota zuwa wasa Dutsin-Ma daga aljihunsa yake fitarwa. Wani dillali ya zo da mota mai baƙin gilashi, ya ajiye riguna saiti ɗaya da ƙwallaye, aka ɗauki hoto, aka yi addu'a, shi ke nan. Ba takarda, ba rajista, ba kaso. Na yi magana aka ce ina yi wa yaro baƙin ciki. Baƙin ciki? Takardar nan ai shi ma yaron take karewa, ranar da dillalin ya watsar da shi a wani gari wa zai kama?

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata mu riƙa tambaya, musamman a kan Katsina United, tunda da kuɗin jiha ake tafiyar da ita. Mun ɗanɗana faɗawa ƙaramin rukuni a 2022, muka dawo a 2023, mun san zafin sake gini. Duk ɗan wasan da ya tafi, a gaya mana: saura shekara nawa a kwantiraginsa? Nawa aka biya, kuma wane asusu kuɗin ya shiga? Akwai kason sayarwa ta gaba? Matasa nawa aka ɗauko da kuɗin? Sannan a riƙa biyan albashi a kan kari, domin a dokar FIFA ɗan wasan da aka riƙe wa albashin wata biyu yana iya ba da wa'adin kwana 15 ya yi tafiyarsa kyauta. Ka ga an yi ba wan ba ƙanen.

Ku kuma masu ƙungiyoyin unguwa a Kurfi da Dutsin-Ma, ku haɗa kai ku yi wa ƙungiyoyinku da yaranku rajista ta hannun hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, da sa hannun iyayensu. Wanda ya zo neman yaro ku karɓe shi hannu bibbiyu, ku ba shi ruwa, sannan ku miƙa masa biro.

Abokina na jiya, na san kana karantawa. Ka ci gaba da ihu idan an sayar da gwani, ba zan hana ka ba. Amma ka fara cewa a nuna maka takardar.

Wanda yake da ja, fili nasa ne, amma ya zo da hujja. Allah Ya sa mu gane.