Ba Na'ura Ce Kaɗai Ke Ƙera Injin Roka Ba

Kwanan nan ana ta zuzuta cewa na'ura ce ke buga injin roka kamar yadda ake buga takarda. Ni dai ba na gaggawar tafi, don na san abin da ke faruwa a cikin ɗakin ƙona mai. Zafin wutar can ya haura digiri 3,000, alhali jan ƙarfen da ake yin bangonsa da shi tun a 1,085 yake narkewa. Abin da ke hana bangon zama ruwa shi ne man da kansa. Kafin ya shiga wuta sai ya ratsa ɗaruruwan ƙananan hanyoyi a cikin bangon, yana kwashe zafi.

A da, don samar da irin waɗannan hanyoyi, bututu ake jerawa da hannu. Mazurarin fitar wuta na injin RS-25, wanda ya ɗaga kumbon Space Shuttle, bututu 1,080 ne, kowanne an lanƙwasa shi an liƙa shi da ɗan'uwansa. Kowane haɗi kuwa ƙofa ce ga yoyo.

Sabuwar hanyar ta yi kama da ginin tulu. A shimfiɗa garin ƙarfe wanda kaurinsa bai wuce silin gashi ba, hasken leza ya narkar da inda ake so, a ƙara wani shimfiɗin a kai, har kayan ya tashi da hanyoyinsa a ciki, babu walda. Idan mazurarin babba ne, sai a riƙa feso garin daidai inda lezar ke haskawa. Da bugun ƙarfe kamfanin Rocket Lab ya yi injin Rutherford da ya fara tashi daga Niyuzilan a 2017. A watan Mayun 2024 kuma kamfanin Agnikul na Indiya ya harba roka da injin da aka buga dunƙule guda.

To amma na'urar ba ta san ƙarfe ba. Haɗin jan ƙarfen nan mai suna GRCop-42, shekaru masanan NASA suka kwashe suna gwaji kafin ya samu. Kuma ɗan garin da ya maƙale a hanya ɗaya ya isa ya toshe ta, bango ya ƙone. Shi ya sa ake haska kayan a ga cikinsa, a gasa shi cikin matsi don ƙananan ramuka su rufe, sannan a kunna shi a ƙasa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kamfanin Relativity Space ya ga haka. Rokarsa Terran 1, wadda kusan kashi 85 cikin ɗari na nauyinta bugawa aka yi, ta tashi a watan Maris na 2023 amma ba ta kai falaki ba. Da ya zo ƙera babbar da za ta gaje ta, sai ya koma yin tankuna da falankin ƙarfe kamar kowa, ya ci gaba da buga injina. A ganina nan ne wurin na'urar: inda hanyoyin suka yi ƙanƙanta da yawan da hannun maƙeri ba ya kaiwa.